Filin Tambaya da Amsa: Korona, Iskar Ɗaki da Hancin Raƙumi

Tun ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona, amma wasiƙu a kanta ba su daina shigowa ba. Mun zaɓi shida, mun ɗan rage wa wasu tsawo.

Na ji an ce korona ta daɗe a duniya kafin 2019. In haka ne, me ya sa ba ta taɓa rufe mana makarantu ba sai a 2020? Malamin sakandare, Zariya.

Malam, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Korona sunan dangi ne, ba sunan ƙwaya guda ba, kuma bakwai daga cikin dangin ke kama ɗan Adam. Huɗu mura kawai suke sawa: 229E da OC43 da aka gano a shekarun 1960, sai NL63 a Holand a 2004, da HKU1 a Hong Kong a 2005. Wata mai bincike 'yar Sikotland, June Almeida, ita ta ɗauki hoton ƙwayar da madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa, aka ga tsinkaye sun kewaye ta kamar kambi. A 1968 aka raɗa wa dangin suna korona, kalmar Latin mai nufin kambi.

Sauran ukun su ne masu kisa: SARS, MERS, da wadda ta ɓulla a Wuhan a ƙarshen 2019. Amsar tambayarka tana cikin bambancin ta farko da ta ƙarshe. SARS ta fara a kudancin Sin a Nuwamba 2002, ta kama mutum kimanin 8,000, ta kashe 774, aka shawo kanta kafin ƙarshen Yuli 2003. Ita da ta 2019 ƙofa ɗaya suke bi su shiga jiki, wani furotin mai suna ACE2 wanda tsinken ƙwayar ke maƙalewa a kai. Sai dai mai SARS ba ya cika fitar da ƙwayar da yawa sai a mako na biyu, lokacin da ciwo ya riga ya kwantar da shi. Ana killace shi, hanya ta toshe. Ita kuwa ta 2019 tana kai ƙololuwa ne daidai lokacin da alamu ke farawa, kuma mutum na iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin nan, yana kasuwa, yana aji, yana jin kansa garau. A Landan a 2021 an ɗiga ƙwayar a hancin matasa 36 masu lafiya da suka amince, 18 suka kamu. Cikin kwana biyu ta bayyana a maƙogwaro, sannan a hanci, kuma yawan abin da mutum ke fitarwa bai bi tsananin alamunsa ba. Shi ya sa auna zafin goshi a bakin ƙofa bai tare komai sosai ba.

A shagonmu mu takwas ne. Mun wanke hannu, mun goge kekuna da almakashi da sinadari, amma mura mai zafi ta bi mu kusan duka a mako ɗaya. Ina muka yi kuskure? Tela, Kano.

Maigida, kun tsare ƙofa, ɓarawo ya shigo ta taga. Ko kuma mu ce ta rashin taga.

Duk mai numfashi yana fitar da ɗigon ruwa daga huhu da maƙogwaro da baki. Girmansu ake aunawa da mikiron, wato milimita ɗaya a raba gida dubu. Kaurin gashin kai bai wuce mikiron 70 ko makamancin haka ba. Ɗigo mai mikiron 100 yana faɗuwa ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi, bai wuce mita ɗaya ko biyu ba. Mai mikiron 5 yana ɗaukar kusan rabin awa a iska mai tsaye. Mai mikiron ɗaya yana iya yin awa goma sha biyu yana shawagi. Ka tuna turaren wuta: kasko yana lungu, amma bayan ɗan lokaci ɗakin duka ya ɗauka, har wanda ke can bakin gado. Haka ƙananan ɗigon ke yi, sai dai su ba su da ƙamshi. Ɗaga murya da waƙa suna ninka yawansu a kan numfashin mai shiru. Wani injiniya Ba'amurke, William Wells, ya bayyana wannan tun 1934 yana nazarin tarin fuka, amma aka daɗe ana ɗaukarsa a matsayin abin da ya shafi tarin fuka da ƙyanda kawai.

Abin da ya tabbatar da shi a kan korona bincike ne na bin diddigi. A wani gidan abinci a birnin Guwanzu, ranar 24 ga Janairu, 2020, mutum ɗaya ya harbi tara a teburinsa da tebura biyu na kusa. Masu bincike sun duba faifan kyamarar tsaro, ba su ga cuɗanya tsakanin iyalan uku ba. Sai suka koma ɗakin, suka saki wata iska mai alama daga kujerar mutumin, suka ga iyakwandishan ɗaya na juya ta a kan waɗannan tebura uku kaɗai. Fankokin fitar da iska a kashe suke. Sabuwar iskar da ke shiga ba ta kai lita ɗaya a daƙiƙa ga kowane mutum ba, alhali abin da ake so lita 10 ne. A jihar Washintan ta Amurka kuma, ranar 10 ga Maris, 2020, mawaƙa 61 sun yi atisayen awa biyu da rabi a rufaffen zauren coci, fiye da 50 suka kwanta, biyu suka rasu.

To, ina batun taɓa kaya? Ya samo ƙarfi ne daga wani gwaji na Maris 2020 da ya nuna ƙwayar na iya kai awa 72 a kan roba da ƙarfe, awa 24 a kan kwali. Amma a ɗakin gwaji aka yi shi, da ƙwaya mai yawa, ba rana ba zafi. A Afrilu 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa taɓa gurɓataccen wuri sau ɗaya ba ya kai damar kamuwa ɗaya cikin 10,000. Masana 239 sun rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a Yuli 2020 suna neman ta yarda da hanyar iska, ba ta fito ta faɗa ƙarara ba sai a 2021. A ganinmu wannan jinkiri ya sa an ƙarar da kuɗi wajen feshin tituna da ya kamata a kashe wajen fasa tagogi.

Ga shagonku, a samu kafa biyu masu fuskantar juna, ƙofa da taga, domin kafa ɗaya ba ta jan iska. Fankar sama juya iskar ciki kawai take yi. A ajiye fankar tsaye a bakin taga tana hurawa waje. Iyakwandishan na bango ba ya kawo sabuwar iska ko kaɗan. Da hunturu, in ƙura ta hana barin taga a buɗe, a wangale ta minti goma a kowace awa. Mai tari ya zauna gida, in ba hali ya sa takunkumi ya koma kusa da inda iska ke fita. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kada a bar shi, yana narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar, kuma ga kwalara da gudawa ba shi da madadi.

Maigidana ya kamu, ɗaki ɗaya muke kwana, ni kuma aka gwada ni ba komai. Anya gwajinsa gaskiya ne? Uwargida, Damagaram.

Hajiya, naki ba abin mamaki ba ne. Nazarin da ya haɗa rahotannin gidaje na 2020 ya nuna ko tsakanin miji da mata, waɗanda suka kamu ba su kai huɗu cikin goma ba. Mutane sun bambanta ƙwarai wajen yawan abin da suke fitarwa. A Hong Kong an bi diddigin masu cutar, aka ga kashi 19 cikin ɗari ne suka haddasa kashi 80 na yaɗuwar, kusan kashi 70 kuma ba su harbi kowa ba. Mai yiwuwa kuma an gwada ki da wuri, ko garkuwar jikinki ta riga ta san ƙwayar.

Ina jan mota daga Katsina zuwa Kano. Wace taga ya kamata in buɗe, kuma takunkumin yadi yana da amfani? Direba, Katsina.

Mafi kyau duka tagogin, ko da rabi-rabi. A lardin Zhejiang na Sin, a Janairu 2020, bas biyu sun kai masu ibada wuri ɗaya, tafiyar minti 100 zuwa da dawowa. A wadda mai cutar ke ciki, da iyakwandishan mai juya iskar ciki, mutum 23 cikin sauran 67 suka kamu, har da na kujerun nesa. A ɗaya bas ɗin ba ko ɗaya. Saboda haka maɓallin nan mai hoton kibiya ta lanƙwashe a cikin mota, kashe shi in da fasinja.

Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun lissafa da kwamfuta cewa a mota mai gudu iska na shiga ta tagar baya ta fita ta gaba, saɓanin yadda ake zato. In taga biyu kawai za ka buɗe, buɗe ta gaba a gefe ɗaya da ta baya a ɗaya gefen, iska ta ratsa motar a karkace.

Takunkumi kuwa daraja-daraja ne. Mai tace iska sosai da ake kira N95 shi ne gaba, in ya zauna daram ba kafa a gefen hanci da kumatu. Gemu mai kauri yana ɓata zamansa. Na asibiti yana biye. A gwajin da aka yi a ƙauyuka 600 na Bangaladesh, na asibiti ya rage kamuwa da kusan kashi 11 cikin ɗari, da kusan kashi 35 ga waɗanda suka haura shekara 60, alhali ba ma kowa ya sa ba. Na yadi bai nuna tasiri bayyananne ba.

An ce raƙuma na ɗauke da korona. Sana'ata ke nan tun tasowata, ban taɓa ganin ta kashe kowa a cikinmu ba. Mai fataucin raƙuma, Maigatari.

Alhaji, abin da ka lura da shi ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Cutar ita ce MERS. Wani likita Bamisire, Ali Mohamed Zaki, ya gano ta a 2012 a jikin wani dattijo da ya rasu a Jidda. Daga lokacin an tabbatar da kimanin mutum 2,600, mafi yawa a Saudiyya, kuma kusan ɗaya cikin uku sun rasu. Ga raƙumi kuwa 'yar majina ce ta kamar mako guda, kuma 'yan ƙanana ne suka fi fitar da ita. Jinin raƙuman Sudan da Somaliya da aka adana tun 1983 ya nuna ta daɗe a cikinsu.

An yi irin wannan bincike a mayankar Kano, tare da masana daga Jami'ar Hong Kong. A 2015 an samu ƙwayar a hancin kusan kashi 11 cikin ɗari na raƙuman da aka duba, kuma jinin fiye da kashi 90 ya nuna sun taɓa kamuwa. Da aka gwada jinin ma'aikatan mayankar da gwajin da aka saba, ba a ga alamar komai ba. Sai aka sake dubawa ta wata hanya, ta ƙwayoyin garkuwa masu riƙe tarihin cutar da suka taɓa yaƙa, aka samu shaida a jikin 18 daga cikin 61 masu aikin raƙumi. Wato tana tsallakowa, a ɓoye. Gwaje-gwaje sun kuma nuna nau'in raƙuman Afirka bai kai na Larabawa iya hayayyafa a huhun mutum ba. Wannan sauƙi ne, amma ƙwaya na sauya kama, kuma wanda zazzaɓi da tari suka kashe a ƙauye ba a cika gwada shi don MERS ba. Inda ta fi ɓarna asibiti ne: a 2015 matafiyi ɗaya ya kai ta Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu, 38 suka rasu, yawanci ta cunkoson ɗakunan jinya.

Don haka a guji kai fuska kusa da hancin ɗan raƙumi mai majina, a wanke hannu bayan an kama akala ko an duba haƙora. Mahauci ya sa safar hannu da takunkumi wajen aikin kai, maƙogwaro da huhu. A tafasa nonon taguwa, a dafa nama ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne a kan ɗanyen nono da fitsarin raƙumi, musamman ga masu ciwon suga, ciwon ƙoda ko na huhu. Mahajjacin da ya dawo da zazzaɓi da tari cikin kwana 14 ya gaya wa likita inda ya fito tun a bakin ƙofa. Har yanzu babu rigakafin MERS da aka amince da shi ga mutane.

Na warke mako uku da suka wuce, amma gwajin PCR na cewa ina da ita. Zan iya harbin jikokina? Dattijuwa, Sakkwato.

Da wuya, Baba. PCR ba ya bambance ƙwaya mai rai da gawarta. Guntun gadonta yake nema, yana ninka shi zagaye bayan zagaye har kusan 40. Kowane zagaye ninki biyu ne, don haka zagaye goma ninki dubu ke nan. Wanda aka gano tasa a zagaye na 20 ya fi na zagaye na 30 yawan ƙwaya sau dubu. Guntayen na iya kai wata uku a hanci, amma ga mai ciwo mara tsanani da wuya a samu mai rai bayan kwana 10. Wanda ya jigata ko garkuwarsa ta raunana yana iya kai kwana 20 ko fiye, shi sai likita ya duba.

Gwajin gaggawa na tsinken auduga ya fi nuna ko mutum na yaɗawa a ranar. Ana karanta shi a minti 15, layin da ya fito bayan minti 30 ba a aiki da shi. Abin da ya fi ɓata shi uku ne: shafa bakin hanci sama-sama, yin gwajin washegarin haɗuwa da mai cutar, da zafi. Yawancinsu ana so a ajiye su tsakanin digiri 2 da 30, ke kuwa kin san bazarar Sakkwato. Gwajin da ya wuni a mota ko a shagon kwano kada a amince da shi. In ya nuna babu alhali akwai alamu, a maimaita bayan awa 48.