DJ biyu a kan miksa ɗaya: me ke dagula bes ɗinmu?

Tambaya: Malam, ni da abokina muna koyon aikin DJ a Kaduna, kuma salon kiɗan dubstep ne ya tafi da hankalinmu. Mun gwada wasan B2B, ya sa waƙa in sa, amma da na shigo da tawa sai sifika ta hau gurnani. Miksar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, miksarku lafiyarta ƙalau, bes (wato sautin ƙasa mai kauri) biyu kuke saki lokaci guda. Dubstep ya taso ne a kudancin Landan, musamman Croydon, a farkon shekarun 2000, a hannun irin su Skream da Benga. Ƙashin bayansa shi ne sautin can ƙasa, tsakanin 30 zuwa 60 Hz, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Idan irin wannan sauti biyu suka haɗu, wani lokaci su taru su kai fitilar miksa ja, wani lokaci su kashe juna ka ji wurin ya yi fayau.

Kafin ka ɗaga waƙarka, murɗe maɓallin LOW na layinka a miksa, wato mai sarrafa bes, ƙasa gaba ɗaya. Ka shigo da ita a haka, ka jira farkon sabuwar gaɓa, sannan ka buɗe naka daidai lokacin da abokinka ke rufe nasa. Ku saba yi wa juna alama da kai ko da hannu, don a cikin wannan ƙara ba mai jin magana.

Sai ƙirge. Yawancin dubstep bugu 140 ne a minti, amma ƙaramar gangar tana faɗowa a bugu na uku, shi ya sa manhaja kan rubuta 70. Ka duba wannan a rekordbox, manhajar da DJ ke shirya waƙoƙi da ita, tun a gida. Idan ɗayanku zai haura zuwa salon kiɗan drum and bass, mai gudu wajen 174, ya sanar da ɗan'uwansa tukuna. Ni ina ba masu koyo shawarar kowa ya riƙa sa waƙa bibbiyu, ɗaiɗai tana sa mutum gaggawa.

Tambaya: Filash ɗina ya ƙi buɗewa a CDJ, na'urar da DJ ke kunna waƙa da ita.

Amsa: Yi masa fomat ka mayar da tsarinsa FAT32, tsofaffin na'urorin ba sa karanta tsarin exFAT. Wannan zai goge komai, don haka kwashe waƙoƙinka tukuna, sannan ka sake tura su ta rekordbox. Kowannenku ya zo da filash biyu.

Tambaya: Na ɗauki wasanmu da waya, da na kunna babu bes ko kaɗan.

Amsa: Sifikar waya ta yi ƙanƙanta, ba ta iya tura iskar da sautin ƙasa ke buƙata. Saurara da hedifon mai kyau. Idan kuma ka ji sautin yana farfashewa, ƙarar ce ta fi ƙarfin makirufon wayar. Nan gaba ka ja kebul daga kafar REC OUT ta bayan miksa zuwa na'urar naɗar sauti, ka ajiye sautin a tsarin fayil na WAV.