Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Fili Ɗaya Yake Ɗaukar Ƙwallon Ƙafa da Zari-ruga?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli wasan zari-ruga a talabijin, sai na ji an ce sunan filin Ellis Park, kuma na tuna a nan Najeriya ta kara da Ajantina a 2010. Shin fili ɗaya ne, kuma ta yaya yake ɗaukar wasanni biyu da ba su yi kama da juna ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa, kuma ba ka yi kuskure ba. Filin yana unguwar Doornfontein a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, kuma a nan ne ranar 12 ga Yuni, 2010, a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, ɗan wasan Ajantina Gabriel Heinze ya jefa wa Najeriya ƙwallo da ka a minti na 6, sannan Vincent Enyeama ya tsare raga har aka tashi 1-0, bayan ya kaɗe hare-haren Lionel Messi ɗaya bayan ɗaya. An buɗe filin a 1928 domin zari-ruga, aka raɗa masa sunan J.D. Ellis, kansilan da ya taimaka aka samu wurin. An rushe tsohon ginin a 1979, sabon ya fara aiki a 1982, kuma yau yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 62,000.

Abin da ya sauƙaƙa haɗa wasannin shi ne kusancin awonsu. Filin ƙwallon ƙafa na manyan gasanni yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, shi kuwa na zari-ruga ba ya wuce mita 100 tsakanin layukan ci biyu da faɗin mita 70, sai dai yana buƙatar ƙarin sarari a bayan kowane layi, inda ɗan wasa yake dangwala ƙwallon a ƙasa ya samu maki. Saboda haka filin da aka gina domin zari-ruga ya wadaci ƙwallon ƙafa har da rara. Ma'aikata sukan tumɓuke dogayen turakun nan biyu da ake gitta wa sanda a tsayin mita 3, su kafa raga, su goge tsoffin layuka su shata sababbi. Wahalar tana wajen ciyawa, domin idan ƙarti takwas-takwas suka sunkuya suka haɗa kafaɗa suna turereniya, ƙusoshin takalmansu sukan ɗaye ciyawar har saiwa, alhali ƙwallon ƙafa tana son shimfiɗa mai laushi da za ta gangara a kai ba tare da tsalle ba.

A ganina, abin da ya fi awo muhimmanci shi ne mutanen da ke cika kujerun. A zamanin mulkin wariyar launin fata, ana ɗaukar zari-ruga wasan Turawa ne, ƙwallon ƙafa kuwa ita ce ta yawancin baƙaƙen fata, har ma da yawansu sukan goyi bayan duk ƙasar da ta zo karawa da Springboks, tawagar zari-ruga ta Afirka ta Kudu. Shi ya sa ranar 24 ga Yuni, 1995, ta shiga tarihi. A ranar ce Afirka ta Kudu ta doke New Zealand 15-12 a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta duniya, kuma Nelson Mandela, wanda bai daɗe da cika shekara ɗaya a kan mulki ba, ya fito tsakiyar fili sanye da koriyar rigar tawagar mai lamba 6, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofi, yayin da 'yan kallo, waɗanda mafi yawansu Turawa ne, suke ta kiran sunansa.

Ba zan iya ambaton wannan fili ba tare da tuna daren 11 ga Afrilu, 2001 ba, kuma har yanzu abin yana sosa mini rai. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Kaizer Chiefs da Orlando Pirates ne suke karawa, jama'a suka yi dafifi fiye da abin da wurin zai iya ɗauka, waɗanda ke waje suna kutsawa, na ciki kuma ba su da inda za su matsa. Mutum 43 suka rasu a turmutsutsun, aka dakatar da wasan, aka jera gawawwaki a kan ciyawar da ake taka leda. Kwamitin bincike da Mai shari'a Bernard Ngoepe ya jagoranta ya ɗora laifi a kan gazawar hasashen yawan masu zuwa da kuma raunin tsaro a ƙofofi. Bayan gyaran da aka yi masa gabanin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2010, filin ya karɓi wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Nahiyoyi a 2009, inda Brazil ta farke ƙwallo biyu ta doke Amurka 3-2, kuma har yau shi ne gidan ƙungiyar zari-ruga ta Lions.