Tsarin taimako ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye

Ka tambaye ni, yarona, ta ina za ka fara tsara wa dattijon nan taimako, wanda aka sallamo daga JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da shanyewar ɓarin dama, ya kuma ce daga gidansa na Anguwar Rogo ba inda za shi.

Ajiye takardar tukuna. Je ka da sassafe, ku gaisa, ka nemi izininsa ka ga yadda yake tashi daga shimfiɗa, ya zaga bayi, ya yi alwala, ya sa riga, ya kai loma baki. In tambaya kaɗai ka yi, kunya za ta sa ya ce komai yana iyawa, iyalin kuma su ce ba abin da yake iyawa. Kowane aiki ka rubuta ko da kansa yake yi, ko da ɗan tallafi, ko sai an yi masa. Wanda yake iyawa a bar masa, ko zai ci minti 20, domin yawan tausayi ke kashe ƙarfin da ya rage. Sannan ka ji abin da shi yake so. In ya ce ya koma jam'i a masallacin layinsu, to wannan ne kan tsarin.

Sai gidan, kuma ka tafi da tef ɗin awo. Ƙofar da ba ta kai santimita 80 ba za ta matse keken guragu. Gangara kuwa, kowane santimita 1 na tsayin dakali yana son 12 na tsawo, wato dakali mai 15 sai gangara mai 180. Magina kan gajarta ta don tattalin siminti, su kuma goge samanta sumul, damina na zuwa ta zama tarko. In masai na tsuguno ne, a kawo kujerar bahaya. Ƙarfen dafawa a ɗaure shi da noti a cikin bulo ta hagunsa, inda yake da ƙarfi. Sanda ma a hagu. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa da mai lafiyar.

Zai ci abinci a zaune tsaf, kada a kwantar da shi sai bayan minti 30. In yana ƙwarewa da ruwa, a gaya wa likita. Ranar da ya wuni a kwance a juya shi duk awa 2 saboda gyambo. Sanyin Jos kuma ka san shi: ban da gawayi a ɗaki rufe, ban da gorar ruwan zafi a ɓarin da ba ya ji, zai ƙone bai sani ba.

Kada ka rubuta "iyali za su ba shi maganin hawan jini". Rubuta sunan mai bayarwa, da ƙarfe nawa, da wanda zai maye gurbinsa ran da ya tafi kasuwa. Karanta wa Baba ya amince, ka dawo bayan mako 2, ko nan take in ya faɗi.