Sabuwar kwamfutata ba ta zo da faifan farfaɗowa ba, yaya zan haɗa nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Makonni biyu da suka wuce na sayi sabuwar kwamfutar cinya ƙirar HP mai ɗauke da Windows 11, domin rubuta kundin kammala karatuna. Da na buɗe kwalin ban tarar da faifai ko ɗaya ba, sai caja da 'yar takarda. Yayana ya ce lokacin da ya sayi tasa, tun ranar farko ya ƙona faifan farfaɗowa guda uku, kuma ya matsa mini in yi haka. To tawa ko gurbin saka faifai ba ta da shi. Shin mai shagon ne ya riƙe mini faifan, ko akwai wata hanyar da zan bi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, mai shagon bai riƙe maka komai ba, kuma shawarar da yayanka ya ba ka daidai take, sai dai kayan aikin ne suka sauya tun zamanin da ya sayi tasa. A lokacin Windows XP kamfanoni kan saka faifan farfaɗowa, wato wanda ake sake ɗora Windows da shi idan ta lalace, a cikin kwali. Zuwa lokacin Windows 7, wadda ta fito a 2009, yawancinsu sun daina, suka koma ɓoye kwafin Windows a wani sashe na rumbun ajiyar kwamfutar, tare da wata manhaja da mai kwamfuta zai ƙona nasa faifan da ita, kamar Recovery Manager a kwamfutocin HP ko eRecovery a na Acer. Faifan DVD ɗaya gigabayit 4.7 yake ɗauka, shi ya sa yayanka ya buƙaci uku. Daga Windows 8 a 2012 sai Microsoft ta saka hanyar yin wannan aikin a kan filash a cikin ita kanta Windows, kwamfutocin cinya kuma suka yi ta sirancewa har gurbin faifan ya ɓace. Saboda haka abin da za ka haɗa a yau filash ɗin farfaɗowa ne, kuma ya fi faifan sauri da sauƙin ɗauka.

Wani zai ce ai Windows 11 tana da hanyar mayar da kanta sabuwa ba tare da an saka mata komai ba, wato Reset this PC da ke cikin Settings. Gaskiya ne, kuma tana amfani idan matsalar ƙarama ce. Amma kayan da take wannan gyaran da su suna zaune ne a kan rumbun da ita Windows ɗin take, don haka ranar da rumbun ya mutu, ko sashen gyaran ya lalace, ko aka sauya maka rumbun da sabo, babu abin da za ta kama ta tashi. A ranar ce ake neman filash ɗin, kuma kwamfutar da ta ƙi tashi ba za ta iya haɗa maka shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka yi shi a makon nan tun kwamfutar tana da ƙoshin lafiya.

Ka fara da sayen filash mai kyau, kuma a nan ne nake so ka fi natsuwa. Microsoft ta ce a tanadi mai gigabayit 16 ko fiye, ni kuwa mai 32 nake ba da shawara, domin wasu kwamfutocin suna da kayan kamfani masu yawa da ba za su shiga ƙaramin ba. Kasuwa cike take da filash na jabu, waɗanda aka rubuta 32 ko 64 a jikinsu, kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin cikinsu bai kai rabi ba. Irin wannan zai karɓi aikin har ƙarshe kamar komai lafiya, sai ranar buƙata ya ci amanarka. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da take cika filash da bayanai sannan ta karanta su, ta gaya maka gaskiyar girmansa, kuma lokacin da za ka ɓata wajen wannan gwajin bai tafi a banza ba. Ka kuma sani cewa duk abin da ke cikin filash ɗin za a goge shi, don haka kada ka ɗauki wanda karatunka yake ciki.

Kafin ka fara, ka bar Windows Update ta gama sauke duk sabuntawar da take jira, saboda filash ɗin zai ɗauki Windows ne yadda take a ranar da aka haɗa shi. Sannan ka jona caja, ka zaɓi lokacin da batirin ya cika, domin aikin yakan kai awa ɗaya ko fiye, kuma idan aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu a tsakiya sai an sake daga farko. Ka danna Start, ka rubuta Recovery Drive, ka buɗe shi, ka amsa da Yes idan ta nemi izini. A shafin farko za ka ga wani ɗan akwati da aka rubuta Back up system files to the recovery drive a gefensa. Ka tabbata akwai alama a cikinsa, domin idan babu, kayan gyara kaɗai za a zuba maka, ba za ka iya sake ɗora Windows da filash ɗin ba. Daga nan ka saka filash ɗin, ka zaɓe shi da idon basira idan akwai wani abin da ke jone, ka danna Create, ka ƙyale ta. Layin da ke nuna ci gaban aikin yakan tsaya wuri ɗaya na tsawon mintuna kamar ya maƙale, kada hakan ya sa ka zare filash ɗin ko ka rufe murfin kwamfutar.

Akwai wani abu da yayanka bai sha fama da shi ba a zamaninsa, wanda a yau ya fi rashin faifai jefa mutane cikin kuka. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle rumbunsu da wani tsarin tsaro mai suna BitLocker da zarar an shiga da asusun Microsoft, ba tare da mai kwamfutar ya lura ba. Makullin buɗewar lambobi 48 ne, kuma ana ajiye shi a cikin asusun da aka fara shiga da shi. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini tata, allon ya yi shuɗi yana neman waɗannan lambobin, babi huɗu na kundinta suna ciki. Da na tambaye ta asusun, sai ta ce yaron shagon da ta saya ne ya buɗe mata shi ranar da ya saita kwamfutar, ita ba ta san adireshin ba balle kalmar sirrin, shi ma da aka koma ya manta. Rumbun lafiyarsa ƙalau, rubutunta yana nan a ciki, amma babu mai gyaran da zai iya buɗe shi. Saboda haka ka shiga Settings, ka duba Device encryption a ƙarƙashin Privacy & security. Idan a kunne yake, ka shiga asusunka na Microsoft ta intanet, ka nemo makullin a sashen na'urorinka, ka rubuta lambobin a takarda da biro, ka sake karanta su sau biyu. Idan kuma wani ne ya buɗe maka asusun, ka karɓi kalmar sirrin ka sauya ta yau.

Sai bayan makullin ya zo hannunka za ka gwada filash ɗin, domin wani lokaci tayar da kwamfuta daga filash yakan sa ta nemi lambobin. Ka kashe ta, ka saka filash ɗin, ka kunna kana danna F9 a jere tunda HP ce, a Dell da yawancin Lenovo kuwa F12 ake dannawa. Ka zaɓi sunan filash ɗin a jerin da ya fito. Idan ta tambaye ka tsarin madannai sannan ta nuna shuɗin allo mai zaɓuɓɓuka, to aikinka ya yi kyau, ka kashe ta daga nan. Kada ka taɓa Recover from a drive da sunan gwaji, domin wannan zaɓin yana share duk abin da ke rumbun ne ya ɗora Windows sabuwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da filash ɗin ba ya yi, kuma ina roƙonka ka riƙe shi da kyau tunda kundi kake rubutawa. Windows da direbobin kwamfutar (ƙananan manhajojin da ke sa sassanta aiki) da kayan da kamfani ya saka su kaɗai yake ɗauka. Rubutunka da hotunanka da manhajojin da ka ɗora da hannunka babu ko ɗaya a ciki. Kundinka yana buƙatar tasa ajiyar daban, kwafi ɗaya a wani filash ko rumbun waje, ɗaya kuma a OneDrive ko Google Drive, ko ka riƙa aika wa kanka ta imel duk ranar da ka ƙara shafi.

Idan ranka ya fi kwanciya da faifai, har yanzu akwai Create a system repair disc a cikin Control Panel, ƙarƙashin Backup and Restore, amma sai ka sayi na'urar faifai ta waje, kuma abin da za ka samu kayan gyara ne kawai da ba sa iya sake ɗora Windows, don haka ban ga dalilin kashe kuɗin ba. Abin da ya fi shi amfani shi ne filash na biyu mai gigabayit 8 ko fiye, wanda za ka zuba wa Windows da manhajar Media Creation Tool da ake saukewa daga shafin Microsoft. Shi yana aiki a kan kwamfutoci daban-daban, sai dai ba ya ɗauke da direbobin taka, har ma a wasu sababbin kwamfutocin Intel yakan kasa ganin rumbun ko na'urar wayafai sai an nemo direban daban. Lasisi kuwa kada ya dame ka, domin tun daga Windows 8 kamfanoni suke dasa shi a cikin uwar allon kwamfutar, yakan dawo da kansa idan ta hau intanet. Ga masu karatu da tasu ta hannu ce daga waje, wadda mai shago ya goge ya ɗora wata Windows, su fara duba Activation a cikin Settings, saboda filash ɗin zai kwafi abin da ya tarar ne, mai kyau ko gurɓatacce.

Da ka gama, ka manna 'yar takarda a jikin filash ɗin ka rubuta sunan kwamfutar da kwanan wata, ka saka shi cikin ambulan tare da rasit ɗin saye, ka ajiye a gida inda zafi da ƙurar hunturu ba sa kaiwa. Takardar makullin BitLocker ta zauna a wani wurin daban, kuma kada ɗayansu ya shiga jakar kwamfutar, domin idan aka sace jakar an tafi da su gaba ɗaya. Kada ka ba da aron filash ɗin ko na minti biyar don a kwafi laccar malami. Windows 11 tana samun babban sabuntawa sau ɗaya a shekara, don haka duk bayan shekara ka ɗauko shi ka sake haɗawa, ka gwada shi da F9, ka gyara kwanan watan da ke jikinsa.