Motar ba tamu ba ce, Yaya

Ranar yinin bikin nan a Gwammaja, ana cikin kwasar tuwo, kika matso kusa da ni kika ce, "Wai da gaske ne gwamnatin can ce ta saya wa yaronki mota?" Na ce e, na kuma ce a'a, kika yi dariya kika ce zaman Turai ya koya mini amsar 'yan siyasa. Jama'a ce ta yi yawa, Yaya, kuma na lura ba motar ce a ranki ba. Idonki na kan jikanki da ke jan gindi a bakin ƙofar ɗakin Inna, shekara huɗu bai taka ba. So kike ki ji ko akwai hanyar kai shi Ingila. Yanzu na koma Mancesta, gajiya ta sake ni, bari in warware miki zare da abawa.

Motar haya ce. Akwai wani tsari mai suna Motability da aka kafa a 1977: wanda aka tabbatar tafiya na yi masa wuya ƙwarai, sai ya sallama kason kuɗin zirga-zirgar da gwamnati ke ba shi, a ba shi mota ta shekara uku, inshora da gyara duk a ciki. Wa'adi ya cika a mayar, a ɗauki wata. Ranar da aka yanke kuɗin, ranar motar ta fara haɗa kayanta. Mu kuwa saura ƙiris hakan ta faru da mu, kuma labarin nan nake so ki saurara da kyau.

Yaro mai naƙasa da bai kai shekara 16 ba ana ba shi tallafin da ake kira DLA. Da ya cika 16 sai a ce ya nemi na manya, wato PIP, wanda aka fara a 2013. Ba ruwansu da albashinka ko abin da ka tara a banki, ɗan likita da ɗan mai shara mudu ɗaya ake auna musu. Ba kuma sunan cutar ake biya ba. Abin da suke tambaya shi ne, me ciwon ya hana ka yi? Za ka iya girki? Wanka fa? Sa tufafi, shiga bayi, lissafin kuɗi, cuɗanya da mutane? Kowace amsa da makinta. Ka tara maki 8 ka sami ƙaramin mataki, ka tara 12 ka sami babba. A ɓangaren tafiya, wanda ba ya iya wuce mita 20 shi ke samun 12 kai tsaye. Mita 20 ɗin nan bai fi daga zauren gidan Baba zuwa bakin masallacin layi ba.

Kin san ɗan farina ne, har yau bakina ba ya iya kiran sunansa. Farkon abin da neman tallafin nan ya sa ni shi ne in faɗi sunan a waya, har in jero haruffansa ɗaya bayan ɗaya. Da Inna na kusa da ta riƙe baki. Wannan ƙaramin alhaki ne. Ranar da za a duba shi, tun asuba na yi masa wanka, na goge masa farin kaftani, na sa masa hula da turare, domin a gidanmu ba a fita gaban baƙo da ƙazanta. Muka shiga, matar da za ta duba shi ta gaishe shi ta ce yaya jiki. Ya ce da sauƙi. Ta ce kana iya wanka da kanka? Saurayi ɗan shekara 16, ga uwarsa a zaune, ga baƙuwar mace. Ya sunkuyar da kai ya ce e. Bayi fa? Ya ce e. Ni da nake ɗaga shi in sauke shi kullum, kunya ta ɗaure mini harshe, har da ƙarawa na yi na ce ai mun gode Allah, yana ƙoƙari. Ita kuwa abin da ta ji ta rubuta. Takarda ta zo, makin bai kai ko'ina ba.

Laifin wa? Tarbiyyar da muka ba shi ce ta yi aiki. Bahaushe ko yana kan gadon asibiti ka ce yaya jiki, alhamdulillahi zai ce. A Kano wannan amsar ba ta hana a taimake ka, don mai tambayar yana da ido, ya san gidanku, ya san "da sauƙi" ba ta nufin an warke. A can kuwa wanda zai yanke hukunci bai taɓa ganin yaron ba, takarda kawai ke gabansa, abin da ba a rubuta ba kuma kamar bai faru ba ne.

Wata baiwar Allah 'yar Zariya da ta riga mu zama ita ta zaunar da ni. Ta ce wata ɗaya kike da shi ki nemi a sake duba hukuncin, kada ki bari ya wuce. Ta sa na sayi ɗan littafi, mako guda cur ina rubuta komai: ƙarfe nawa ya farka da dare, sau nawa na juya shi, minti nawa ya ɗauka kafin ya sa wando, ranar da ya zame a banɗaki ya fasa haɓa. Ta kuma koya mini abin da dokar ta ce, wanda da na sani da ba mu faɗi ba tun farko. Ba a ƙirga mutum ya iya abu sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yana yin sa yadda ya kamata, yana iya maimaitawa, kuma bai ninka lokacin da mai lafiya ke ɗauka fiye da sau biyu ba. Ashe "e" ɗin yarona a wajen doka "a'a" ce. Na yi kuka ranar da na karanta littafin nan daga farko, don ban taɓa tsayawa na ƙirga wahalar ba, yi kawai nake. Sake dubawar ba ta canza komai ba, sai da muka je kotun ɗaukaka ƙara, inda mutum uku ke zama: alƙali, likita, da wanda ya san harkar naƙasa. Yaron ya roƙi in fita waje. Ina fita ya faɗa musu gaskiyar da ba zai iya faɗa a gabana ba. Haka motar ta tsira.

Tun daga nan abin ya zama al'ada a cikinmu. A taron matan da muke yi duk wata, bayan an zuba adashi, in akwai mai fom sai wadda ta saba ta ja ta gefe. Magana ta farko da muke gaya wa sabuwa ita ce, godiyar Allah ki yi ta a kan sallaya, a kan fom ki rubuta abin da ke faruwa a yawancin kwanaki, kada ki rage, kada ki ƙara. Ƙarawar ma akwai masu yi, ba na ɓoye miki, kuma ba ma yi musu kallon masu wayo. In fom ya fi ƙarfinmu sai mu tura mutum ofishin ba da shawara na Citizens Advice, kyauta suke taimakawa.

Mazanmu sun fi mu taurin kai a nan. Maigidana shekara biyu yana cewa shi ba zai yi bara a ƙasar mutane ba. Sai da wani malami a masallacinmu ya ce masa ya ɗauko takardar albashinsa ya duba abin da ake zarewa na haraji kafin kuɗin su shigo hannunsa, sannan ya gaya masa wa ke roƙon wa. Akwai kuma gidajen da ke ɓoye yaro, ba a zuwa da shi suna ko walima, wasu don gudun bakin mutane kada a ƙi auren 'yan'uwansa, wasu don tsoron in hukuma ta shigo gida za ta ƙwace shi. Wasu sai sun shekara suna ruƙiyya kafin su yarda su ga likita. Ni ban hana addu'a ba, ina yi, amma a haɗa. Yaron da aka kai da wuri shi ke samun takardar da ke tilasta wa ƙaramar hukuma ta tanadar masa mai taimako a makaranta, kuma takardar na iya bin sa har shekara 25.

To, batun jikanki. Ba zan yi miki daɗin baki ba. Duk wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara, a rubuce yake cewa ba shi da haƙƙin taɓa irin waɗannan kuɗaɗe, sai ya sami takardar zaman dindindin. PIP ma sai mutum ya yi shekara biyu a ƙasar cikin ukun da suka wuce. Wanda ya zo ziyara ya kwanta asibiti, kuɗin magani ɗaya da rabi ake cajinsa. 'Yan'uwanmu da yawa da suka zo aikin kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan suna wanke naƙasassun wasu da rana, su dawo gida su tarar da nasu ba ko sisi. Duk wanda ya ce ki sayar da filinki na Rijiyar Zaki zai yi wa yaron hanya, ki riƙe filinki.

Kuma wani abu na gani a bikin nan da ya tsaya mini a rai. Da muka zo tsallaka kwatar ƙofar gida, ban buɗe baki ba samari huɗu suka ɗaga keken yarona sama da shi a ciki, suna yi masa tsiya wai ya ci burodin Turawa ya yi nauyi. Kwana goma sha biyu bai zauna shi kaɗai ba. A Mancesta mai kula da shi na zuwa da agogo a hannu, lokacinta na cika ta sa hannu ta tafi, sai ni da shi da talabijin. Ni kuma alawus ɗin mai jinya da ake ba wanda ke kula da mutum awa 35 a mako, ko kusa da albashin cikakken aiki bai kai ba.

A gida akwai doka, ba wai babu ba. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keke. Wa'adin ya wuce, ke da kike Kano kin fi ni sanin matakala nawa aka gyara. Saboda haka kada ki zauna jira. Asibitin Ƙashi na Dala na nan kusa da ku, ki sa uwarsa ta kai shi a duba, a sa shi a layin gashi, kuma a riƙa zuwa ko da an ga kamar ba ya ci gaba. Ki samo jaka guda ki riƙa tara duk wata takardar asibiti a ciki. In likita ya tambaya, don Allah kada ta ce da sauƙi, ta faɗi abin da yaron ba ya iyawa.

Abin koyon tafiyar da nawa ya yi amfani da shi yana ƙarami na nan a ɗakin ajiya, ƙafa huɗu da taya, ba abin da ya same shi. Akwai mai tahowa Kano bayan sallah. Ki auna mini yaron da tef ɗin tela daga ƙugu zuwa diddige ki turo, in ya yi daidai sai in kwance shi in sa a akwati. Ki gaishe da Inna, ki ce mata dakkuwar ta iso lafiya.