A'a, 4,294,967,297 tana rabuwa

Malam, ka tambaya ko 4,294,967,297 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, tunda ka gwada ta da ƙananan lambobi ta ƙi. A'a, tana rabuwa. Ɗauki kalkuleta ka buga 641 sau 6,700,417, ita za ta fito cif.

Ba kai kaɗai ta ruɗa ba. Ana samunta ne in an ninka 2 da kanta sau 32 aka ƙara 1. Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya ga 'yan uwanta biyar na farko, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda ake samu in an ninka 2 sau 1, 2, 4, 8 da 16 aka ƙara 1, duk ba sa rabuwa, sai ya ɗauka haka jerin zai ci gaba. A 1732 Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, ya karya wannan zato. Abin da ya fi burge ni shi ne ba lalube ya yi ba: ya nuna duk lambar da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Duba 641, ai 64 sau 10 ne da ɗaya.

Ita 641 da 6,700,417 kuwa ba sa rabuwa, saboda haka masu raba lambarka huɗu ne kacal: 1, su biyun nan, da ita kanta.