Kafin a sayar da gonar fadama: amsa ga ɗana mai zanen namun daji

Ɗana, saƙonka ya iso tare da hotunan zanen da ka turo. Ka ce ka gama sakandare, zuciyarka ta kwanta kan zanen tsuntsaye da namun daji, kana so ka zo Ingila ka koyi aikin sosai, har babanka ya fara zancen sayar da bijimai da gonar fadama. Ka nemi in nuna maka hanya. Zan nuna maka, amma bari in fara da abin da na gani a takardun naka.

Zakin nan da damisar sun yi kyau, inuwa ta zauna, sai dai daga waya ka kwafe su, kuma duk wanda ya san aikin kallo ɗaya zai yi ya gane. Wanda ya tsayar da ni shi ne zanen shamuwar da ka yi a bayan takardar jarrabawa, wanda ka ce ba ka gama ba. Ta tsaya a bakin sheƙa, wuya a lanƙwashe, nauyinta ya karkata gefe guda. Wannan da idonka ka gan ta. Malaman zane a nan irin wannan suke nema idan sun buɗe tarin ayyukan ɗalibi, littafin da aka cika a fili da layuka marasa ƙarewa ya fi musu hoto guda da aka goge tas.

To ka ga, abin da za ka zana yana ƙofar gidanku. Daga garinku zuwa dajin Baturiya a Kiri Kasamma tafiyar babur ce, kuma tun 2008 wurin yake cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Da hunturu agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki suna barin Turai, su ƙetare hamada, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe, ga balbela a bayan shanu. Masu zanen da nake fita da su ranar Asabar, cikin sanyi da yayyafi, kuɗi masu yawa suke tarawa don su je Afirka su yi 'yan kwanaki suna kallon abin da kai kake wucewa a hanyar gona.

Ga yadda ake yi. Ka tafi da sassafe ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana baje inuwa, jikin dabba ya zama ba tudu ba kwari. Ka zauna wuri guda, ka jingina da gindin kanya ko bagaruwa, ka bar su su manta da kai. Kada ka fara da ido ko baki. Ka fara da layin da ya tashi daga kai ya bi gadon baya zuwa wutsiya, sai dunƙulen jiki, sai inda ƙafa ta ɗauki nauyi. Tsuntsu zai motsa kafin ka gama, to kada ka goge, fara sabo a gefe. Dabba tana da tsayuwa uku ko huɗu da take komawa kansu, in ka yi haƙuri za ta dawo ta farko ka ƙarasa. Abin da ba ka gani ba ka bar wurinsa fari. A ƙasan kowane shafi ka rubuta rana da lokaci da wuri da yanayin sama, da launin da fensir ba zai iya nunawa ba.

Sannan ka san abin da ke ƙarƙashin gashi. Wannan gaɓa da take lanƙwashewa baya a ƙafar shamuwa, wadda yara suke cewa gwiwa, idon sawu ce; gwiwar gaske tana sama, fuka-fukai sun rufe ta. Mai zanen da bai san haka ba, tsuntsunsa kullum kamar an soka masa kara biyu yake fitowa. Ka tsaya wajen mahauci ka kalli yadda kafaɗar akuya ta haɗu da haƙarƙari, zai taimake ka ranar da gada ko barewa ta gilma maka cikin ƙiftawar ido. Ranar Alhamis ka je kasuwar Maigatari ka wuni kan raƙuma da shanu. Balbela kuwa ba fara fat ba ce: inuwar cikinta tana da shuɗi-shuɗi, da damina kuma kanta da ƙirjinta sukan yi ruwan ƙasa mai haske. Ko bishiyar da ke bayan dabba tana da nata ilmin. In ka zana gawo cike da ganye a tsakiyar damina, kowane manomi zai yi maka dariya. Gidan zoo na Audu Bako a Kano yana da amfani don sanin ƙira, amma dabbar keji ba ta tsayuwa irin ta dawa. Falgore kuma kada ka shiga kai kaɗai, sai da ma'aikatan gandun dajin.

Na san akwai masu ce maka zanen mai rai bai halatta ba. Hadisan da suka zo kan masu sura sanannu ne, malamai kuma sun yi bayani daban-daban kan zanen takarda da wanda ake yi don ilmi. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka zauna da malamin da kuka yarda da shi ku warware wannan tun yanzu, kafin a kashe kwabo.

Yanzu maganar Ingila. Kuɗin makarantar zane ga ɗan ƙasar waje, da yawa sun haura fam 20,000 a shekara. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin makarantar da na zama, sama da fam 1,000 na kowane wata har wata 9, kuma su kwana 28 a asusun banki ba su ragu ba. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga gwajin tarin fuka, ga jarrabawar Turanci. Aiki awa 20 kawai aka yarje wa ɗalibi a mako lokacin karatu. Abin da dillalan biza ba sa faɗa shi ne, bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai, wato lissafin da kake yi na sayar da zane ka biya haya bai tashi ba. Bijiman babanka da gonar ba za su kai ka ƙarshen shekarar farko ba. Kuma yawancin makarantun nan ba zanen namun daji suke koyarwa ba, sun fi karkata ga zanen zamani. Waɗanda suka ƙware a wannan fanni galibi a fili suka koya, suna haɗuwa a ƙungiya irin Society of Wildlife Artists, wadda aka kafa a 1964, mai baje koli duk shekara a Landan.

Da ni ne kai, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya zan nema, inda su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi karatu. Zan kuma nemi mutanen cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, masu jagorantar aikin ƙidayar tsuntsayen Najeriya, in riƙa bin masu fita a Arewa. Wurinsu za ka samu madubin hangen nesa ka leƙa, ka koyi sunayen kimiyya, kai kuma ka ba su na Hausa da ka ji a bakin masunta da maharba. In ka gama digiri da littattafan zane cike da Baturiya, sannan a nemi digiri na biyu da tallafin karatu, kuma ni da kaina zan taya ka cike takardu.

Zan ba wani mai zuwa Kano littattafan zane masu kaurin takarda da ƙaramin akwatin fentin ruwa da buroshi. Da hunturu fentin yana bushewa da sauri, ka riƙa jiƙa takardar kafin ka shafa. Duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini, har da waɗanda suka lalace. Ka gaida babanka, ka ce masa zan kira shi ranar Juma'a kan maganar gonar.